Allurar Rediyo Ba Alƙali Ba Ce

Da kai nake, ɗalibin injiniya na Samaru da ya harhaɗa akwatin rediyonsa, da kai da ka sayo ta hannu a Sabon Gari kana cewa babu irinta. Maganar a kan ƙasan zango ce, daga kilohaz 135 zuwa wajen megahaz 2, inda allurar ƙarfin sigina ta fi shirga ƙarya.

Kada ka kafa hujja da allura. A 1981 ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta duniya, IARU, reshen shiyyar da Afirka ke ciki, ta tsayar cewa lamba S9 a kan allura na nufin maikrobolt 50 a bakin eriya mai om 50, kuma tsakanin lamba da lamba desibel 6 ne, wato ninki biyu na boltej. A takarda ke nan. A cikin akwati kuwa, allurar tana bin da'irar da ke danne ƙarar tasha mai ƙarfi ne, shi ya sa a ƙananan lambobi taki ɗaya kan zama desibel 2 ko 3 kacal. Rediyo da yawa ma an sa musu abin rage sigina a matsakaicin zango don kada manyan tashoshi su shaƙe su. Saboda haka S7 a megahaz 14 daban, S7 a kilohaz 475 daban.

Ka gwada ta da kanka. Ka ari na'urar rage sigina mataki-mataki a ɗakin gwaji, ka kama sigina tsayayye, ka riƙa rage desibel 6, kana rubuta inda allura ta sauka. Takardar nan ka manna ta a jikin akwatin. Ita za ka yarda da ita.

Kada ka auna amfilifayar gaba tana kunne. A yawancin rediyo tana ɗaga allura, kunnenka bai ƙaru da komai ba. Mai sayarwa ya san haka sarai lokacin da yake ce maka, "Yallaɓai, dubi yadda take harbawa."

Kada ka biya kuɗi don an ce maka rediyo tana da kaifin ji. A wannan zango hayaniyar sama ce ke mulki, balle a ƙasa irin tamu da damina ke zuwa da tsawa. Walƙiyar da aka yi a nesa, inda ko hadarin ba ka gani ba, za ta faso maka lasifika. Gwajin mai sauƙi ne: cire eriya ka saurari shuuu ɗin, sannan ka mayar. Idan ƙarar ta ƙaru, jin rediyonka ya isa. Abin da ya rage shi ne ko tana jure tasha mai ƙarfi. Kamo Rediyon Najeriya Kaduna a kilohaz 594, sannan ka leƙa 1188, ninkinsa. In ka ji muryar a can, ka rage sigina da desibel 10. In ta ɓace ɗungurungum alhali sauran tashoshi raguwa kawai suka yi, to a cikin akwatinka aka haifi wannan muryar.

Ka kashe kayan gidanka kafin ka zargi kowa. Inbata, cajar waya, ƙwan fitilar LED, na'urar cajin sola, duk masu feshin hayaniya ne. Ka sa batir. Ni dai ban san wani da ke murna in an ɗauke wuta ba sai mai sauraron ƙasan zango, don a lokacin unguwa ke yin tsit.

Kada ka gwama awon rana da na dare. Da rana wani ɓangare na sararin sama yana shanye waɗannan igiyoyi. Rana na faɗuwa ya saki, tashoshin nesa su shigo suna hawa suna sauka. Awo da tsakar rana ake yi, da sigina mai bin ƙasa. Tashoshin jagorar jiragen sama masu maimaita haruffansu da alamun Mos, waɗanda duk wanda ya zauna a kwalejin jiragen sama ta Palladan ya san su, sun dace da wannan aiki in ka kama ɗaya.

Kada ka canza faɗin mataci ana tsakiyar gwaji. Daga haz 2400 zuwa 500, hayaniya na sauka da kusan desibel 7, sai ka zaci wani abin kirki ka yi.

Rediyo biyu, eriya ɗaya, makunnin sauyawa ɗaya, minti ɗaya. Ban da haka kada ka ce wannan ta fi waccan.

Kada ka soka ƙaramin rediyon RTL-SDR a kwamfuta ka yanke hukunci. Na gama-gari ba ya sauka ƙasa da megahaz 24 sai da dabara ko ƙarin na'ura.

Kada ka aika sigina ba lasisi. An ware wa masu sha'awar rediyo kilohaz 135.7 zuwa 137.8 a 2007, da 472 zuwa 479 a 2012, amma sai mai lambar kira, tamu kuwa da 5N take farawa.

Kuma da ka ga hadari ya haɗo daga gabas, ka zare wayar eriya ka jefa ta waje ta taga.