Darasi: Biranen Dā da Maginansu

Ko wane yaro a Kalmalo ya taɓa ganin magini yana kwaɓa ƙasa da ciyawa, yana mulmula tubali da hannu, yana jera su a rana. Ba mu cika tsayawa mu duba ba, gama mun saba. Amma da wannan aiki ne aka gina manyan birane tun zamanin dā. A darasin wannan wata za mu ga yadda aka gina su, da abin da ya rushe su.

1. Birni da ganuwarsa

A dā ƙasar Hausa ba ta ƙarƙashin sarki ɗaya. Kano da Katsina da Zazzau da Gobir, ko wane birni da sarkinsa, da kasuwarsa, da ƙauyukan da ke kawo masa hatsi. Abin da ya mai da gari birni shi ne ganuwa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano, Muhammadu Rumfa kuwa (1463 zuwa 1499) ya ƙara mata faɗi. Ba gidaje kaɗai aka kewaye ba, har da gonaki da kududdufai, domin in maƙiya sun tare ƙofofi mutane su sami abinci da ruwa.

Yamma da Sakkwato akwai kangon Surame, birnin da Kanta Sarkin Kebbi ya gina a ƙarni na 16. Can da duwatsu aka yi ganuwa, shi ya sa ana ganinta har wa yau.

2. Gwanintar magini

Ƙasa ba ta da ƙarfin dutse, saboda haka magini yakan yi gindin bango da kauri, ya riƙa rage shi yana hawa. Don rufi yakan ɗauki azara ta giginya, gama gara ba ta cika cinta ba. Azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in an shimfiɗa ta da nisa. Dabarar da magina suka samo ita ce bakan gizo, watau su ɗaura azara bisa azara tana lanƙwasa daga bango biyu har ta haɗu a tsaka. Da haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Bayan rufi sai yaɓe da makuba don tare ruwa, da indararo, da zankwaye a kusurwoyi, da zane a ƙofar zaure.

3. Wata ƙasa mai nisa

Ba mu kaɗai muka yi haka ba. A kudancin Iraki, kusa da kogin Yufiretis, mutanen Sumer sun zauna birni birni da sarakunansu dubban shekaru kafin Kano. Ba su da dutse ko katako mai yawa, sai laka. A Ur, garin da Ibrahim ya fito, Sarki Ur-Nammu ya gina hasumiya mai hawa hawa wajen shekara 2100 kafin haihuwar Almasihu. Cikinta tubalin rana ne, bayanta kuwa gasasshen tubali da kwalta. Wani Bature, Leonard Woolley, ya tono garin daga 1922 zuwa 1934.

4. Abin da ke rushe gini

Ginin ƙasa yana neman hannu ko wace shekara. A dā, da damina ta wuce akan tara jama'a su yi wa ganuwa yaɓe, ko wace unguwa da nata rabo. Alkalawa, birnin Gobir, ta faɗi a yaƙi a 1808, mutane suka watse, ruwan sama ya ƙarasa sauran. Ganuwar Kano kuwa an bar gyaranta, wasu suna ɗibar ƙasarta, wasu suna gini a kanta, har wurare da yawa sun shafe.

Sai mu lura da wannan a garinmu. Tsofaffin magina suna ƙarewa, samari sun koma ga siminti da kwano. Ba mu ce siminti laifi ne ba, amma soro ya fi ɗakin kwano sanyi da bazara, ƙasa kuma ba a sayo ta daga nesa. In tsoho ya mutu bai koya wa kowa ɗaurin baka ba, sanin ya tafi da shi.

Tambayoyi

1. Don me aka sa gonaki cikin ganuwa?
2. Me ya sa ganuwar Surame ta daɗe?
3. Wane magini ne a unguwarku ya iya bakan gizo, wa kuma yake koya a wurinsa?