Darasi na Sha Huɗu: Lambar da Ba Ta Barin Saura

Ku rubuta wannan lamba a littattafanku: 2,520. Da Hausa ana karanta ta haka: dubu biyu da ɗari biyar da ashirin. Ku lura da kalmar "da", domin ita ce take haɗa sassan lambar, kuma ɗalibai da yawa sukan manta da ita.

Hausawa sun kasa lambobi gida biyu, cika da mara. Cika ita ce wadda take rabuwa biyu daidai, mara kuwa sai ta bar ɗaya. Tun da 2,520 ta ƙare da sifiri, cika ce, kuma biyar da goma duk suna raba ta. Idan muka tara alƙalumanta, wato 2 da 5 da 2 da 0, za mu sami tara. Wannan alama ce cewa uku da tara ma suna raba ta.

A ce kuna da naira 2,520 za ku raba wa abokai. Ko su biyu ne, ko bakwai, ko goma, kowa zai sami rabonsa daidai, ba a bar ko naira ɗaya da za a yi gardama a kanta ba. Duk lambobi daga ɗaya zuwa goma suna raba ta, kuma babu wata lamba ƙasa da ita da take da wannan hali. Ku gwada rabinta, 1,260: takwas ba ta raba ta daidai. Dalili shi ne, an gina 2,520 daga 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7. Waɗannan ƙananan lambobi, 2 da 3 da 5 da 7, ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. In aka cire guda, ginin ya rushe.

A ganina, babu lambar da ta fi ta daɗin koyon sunayen kashi, waɗanda Hausa ta aro yawancinsu daga Larabci, kuma malamai suke amfani da su wajen rabon gado. Sulusinta, wato kashi ɗaya cikin uku, 840 ne. Rubu'inta 630, humusinta 504, sudusinta 420. Subu'i, kashi ɗaya cikin bakwai, shi ne 360, sumuni 315, tusu'i 280, ushiri kuma 252.

Amma sha ɗaya ta gagare ta. Sha ɗaya sau 229 ya ba da 2,519, saura ɗaya.

Aiki

1. Rubuta 1,260 da 2,519 da kalmomin Hausa. Wacce ce cika, wacce ce mara?
2. Mene ne bambanci tsakanin sudusi da sumuni?
3. Mutum sha biyu za su iya raba naira 2,520 daidai? Nawa kowa zai samu?