Tsadar Itacen Wuta a Ƙasar Tafa: Lissafin da Ya Kamata Magidanci Ya Sani

Ƙaramar Hukumar Tafa, mai hedkwata a Sabon Wuse, tana cikin masarautar Suleja ta Jihar Neja, a kan babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja. Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura zuwa Abuja a 1991 jama'a suke ta kwarara zuwa wannan yanki, gidaje suna cinye daji, itace yana ƙara nisa. Da aka janye tallafin kananzir a 2016, aka kuma janye na fetur a 2023, sai gidaje da yawa suka koma ga murhu, kuɗin dakon itacen kuma ya hau.

Lissafin dami

Yawancin magidanta ba su san abin da itace yake ci musu ba, domin kaɗan kaɗan suke saye. Ga misali. In gida yana ƙona dami 3 a mako wajen girki, a shekara dami 156 ke nan. Lokacin hunturu kuwa, watau daga Disamba zuwa Fabrairu, akwai jin ɗumi da dafa ruwan wanka. In wannan ya ƙara dami 2 a mako har mako 12, an sami 24, jimla 180. Sai mutum ya ninka wannan da kuɗin dami ɗaya a kasuwarsu, ya ga abin da wuta take lashewa.

Wanda iyalinsa suke zuwa daji su yo itace, shi ma ba kyauta ya samu ba. Wunin da mace ta ɓata wajen sara da ɗauka, an rage shi ne daga gona ko sana'a, na yaro kuma daga makaranta.

Inda asara take

A murhu mai duwatsu 3, zafin da yake shiga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, saura iska take kwashewa. Ɗanyen itace kuwa kusan rabin nauyinsa ruwa ne, sai wuta ta ƙafar da shi kafin ta yi aiki. Saboda haka wanda ya sayi ɗanye don araha, hayaƙi ya saya.

Har ila yau akwai kuɗin asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya hallaka mutum wajen miliyan 3.2 a 2020. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ya fi haɗari, gama yana fid da wata iska mai guba, marar wari, wadda take kashe mai barci.

Asarar da ta fi daɗewa ita ce ta saran kaɗanya da ɗorawa. Wanda ya sare su ya sami wutar 'yan makonni, amma ya hana gidansa man kaɗe da daddawa na shekaru masu yawa.

Abin da ya kamata a yi

1. A sayi itace da rani, a faskara, a jera a rumfa, kada ya taɓa ƙasa.
2. A gina murhun laka mai tare iska, a riƙa rufe tukunya.
3. A toshe kafofin sanyi, a tanadi bargo, kada a kwana da garwashi a ɗaki.
4. A sassabe reshe, a bar uwar bishiya.
5. A dasa darbejiya ko malaina a bakin gona da farkon damina, a nemi shawarar malamin daji.

Itacen da 'ya'ya za su ƙona, iyaye ne za su dasa shi yau. Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane.