Yadda ake bin gyare-gyaren rubutun fim idan marubuta sun yi yawa

Fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadas da harshen Tamashek, ya fito a 2015, tauraronsa Mdou Moctar ne, daraktansa kuwa Christopher Kirkley ɗan Amurka. Haka aikin fim yake yanzu: marubuci na Agadas, mai gyaran zance na Yamai, darakta na Damagaram. Idan kowa ya gyara nasa kwafin ya tura ta WhatsApp, ranar ɗauka ƴan wasa biyu za su zo da haddar shafi daban-daban.

Kafin komai ku naɗa mutum ɗaya uban rubutu. Shi zai ɗora labarin a Google Docs, ya danna Partager, ya ba sauran matsayin Commentateur. Mai wannan matsayi ba ya iya goge ko harafi guda. Duk abin da ya taɓa shawara ce, tana jiran amincewa. Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kada kunya ta sa a ba kowa cikakken iko.

Shi ma uban rubutun, idan zai gyara fitowar wani, ya koma yanayin Suggestion. A kwamfuta alamar alƙalami ce a sama ta hannun dama, a waya kuma yana cikin ɗigo ukun nan. Daga nan sabon rubutu zai fito da launi, abin da aka cire a ja masa layi, sunan mai gyaran na gefe.

Duk wanda ya canza magana ya rubuta dalili a ƙarƙashin shawararsa. A garin da Hausa da Tamashek da Faransanci ke haɗuwa a fitowa guda, wani zai ɗauka kuskure ya gyara, alhali marubucin da gangan ya sa wata tsohuwa ta yi Hausar Agadas, ba ta Kano ba.

Lokacin dubawa, a bi fitowa-fitowa. Karanta zancen da murya, tsohon da sabon, kafin ka danna alamar amincewa ko ta ƙi. Akwai maɓallin karɓar duka a lokaci ɗaya. Ban yarda da shi ba. Sannan ka bi sawun gyaran: in an kashe ɗan acaɓa a fitowa ta 12, kada a gan shi yana shan shayi a ta 30.

Bayan kowane zama, shiga Historique des versions ka ba kwafin suna da kwanan wata. Ka kuma sauke shi a waya, domin rezo da kuran ba su da tabbas. Masu aiki da Word, Suivi des modifications ne nasu, a ƙarƙashin Révision.

Da an tsayar da ranar ɗauka, lambobin fitowa sun daina motsi. Sabuwar fitowa bayan ta 12 sai a kira ta 12A. Manhajar rubutun fim ta Final Draft na sa tauraro a gefen duk layin da aka canza, kuma masu fim a Amurka na buga shafukan gyara a takarda mai launi: shuɗi, sai ruwan hoda, sai rawaya. In ba takarda mai launi, a rubuta kwanan wata da jan biro a saman shafin, a karɓe tsohon daga hannun ƴan wasa.