Ƙofofin da ke cikin hanta

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauta a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ya ga yadda ake gyaran hantar tunkiya. Mahauci yana sa wuƙa a hankali, ya cire wata ƴar jaka mai koren ruwa, ya yar. In ta fashe bisa nama, ɗaci ya ɓata shi. Ita ce matsarmama, wasu suna cewa maɗaciya. Raƙumi da doki da jaki ba su da jakar. Mutum yana da ita.

Ruwan nan ba ƙazanta ba ne. Hanta ce take yin shi, wajen rabin lita ko fiye kowace rana. Jakar ajiya ce kawai, kamar tulu. In mutum ya ci abu mai maiƙo, ƙosai ko miya da man gujiya, sai jakar ta matse, ruwan ya zuba cikin hanji. Cikin ruwan akwai wani abu da likitoci suke kira gishirin matsarmama. Aikinsa irin na sabulu ne bisa kwano mai maiƙo. Yana farfasa mai har hanji ya iya shanye shi.

Gishirin nan ba shi da yawa. Duka wanda ke jikin babban mutum garam 2 zuwa 4 ne, bai cika ƙaramin cokali ba. Shi ya sa jiki ba ya zubar da shi. In ya gama aiki, ƙarshen ƙaramin hanji yana tsotse kashi 95 cikin 100, ya maida cikin jini. Wata babbar jijiya tana kai jinin daga hanji zuwa hanta, ba ratse. Hanta ta kama gishirin, ta sake tura shi. Haka yake kewayawa sau da yawa a yini, kamar guga ɗaya da ke shayar da garke.

To, yaya hanta take kama shi?

An gina hanta da ƙananan ɗakuna masu rai. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowane ɗaki yana da siririn bango na maiƙo. Gishirin matsarmama cikin ruwan jini yake tafiya, ba ya iya ratsa bangon. Sai ta ƙofa.

A 1991 masu bincike a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan suka gano babbar ƙofar. Suka ba ta suna NTCP. Ba ta shigar da gishirin shi kaɗai. Sai tare da sodiyam, wani sinadari na cikin gishirin miya. Sodiyam ya fi yawa a waje, kullum yana neman faɗawa ciki. In ƙwaya 2 nashi za su shiga, sai su ja ƙwaya 1 ta gishirin matsarmama, yadda ruwan gulbi yake jan kara. Daga baya ɗakin ya fitar da sodiyam ɗin, aiki ya ci gaba.

Akwai wasu ƙofofi masu faɗi, ana ce musu OATP. Su ba su cika zaɓe ba. Jajayen ƙwayoyin jini suna tsufa bayan kwana 120. In sun mutu suna barin wani launi rawaya. Ta ƙofofin nan launin yake shiga hanta, ya fita cikin ruwan matsarmama. Shi ne yake ba kashi launinsa. In hanta ta kasa ɗaukarsa, ko hanyar fita ta toshe, sai ya taru cikin jini. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Ita ce shawara.

Magunguna da yawa ma ta nan suke bi. Misali rifamfisin, maganin tarin fuka, wanda yake sa fitsari ya yi ja. Jan fitsarin ba abin tsoro ba ne. Amma maganin da launin rawaya ƙofa ɗaya suke bi, suna iya yin cunkoso. Mai shan maganin tari, in ya ga idonsa ya yi rawaya, ya koma gidan likita ran nan. Kada ya ƙara wani magani ko saiwa bisa kai.

Wasu abubuwa kuma ba ruwansu da ƙofa, bangon suke ratsawa. Parasitamol yana cikinsu. Hanta tana sarrafa shi lafiya in bai yi yawa ba. Babban mutum ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligaram 500 a kwana ɗaya. In ya wuce, ɗakunan hanta suna mutuwa. Magungunan mura da yawa na cikin tire suna da parasitamol. Mutum ya sha wannan ya sha wancan, bai san abu ɗaya ya ninka ba.

Na biyu ya shafi manoma. Gujiya da masara, in sun sha fari a gona ko an adana su da laima, suna yin fumfuna. Fumfunar tana fitar da dafi mai suna aflatoksin. An gano shi bayan talotalo wajen 100.000 sun mutu a Ingila a 1960, sun ci tunkuzar gujiya. Dafin yana shiga ɗakin hanta. Hanta tana ƙoƙarin karya shi, sai wani sashe ya koma abin da ya fi muni. Shekara da shekaru yana iya kawo sankarar hanta. Suya ba ta kashe shi, dahuwa ba ta kashe shi. In an matse mai, mafi yawansa cikin ƙuli-ƙuli yake saura. A shanya gujiya ta bushe ƙayau kafin ta shiga buhu. Kada buhu ya taɓa ƙasa. Ƙwaya mai ɗaci, ko baƙa, ko wadda ta yamutse, a tsince a zubar. Wasu gidaje suna sayar da mai kyau su bar wa yara tsintuwa. Wannan babban kuskure ne.

Saura ɓarawo mai makulli. A 2012 masu bincike a Bejin ta ƙasar Sin suka nuna cewa ƙwayar ciwon hanta mai lamba B tana kama ƙofar NTCP ne, ta samu shiga. Wato ƙofar da aka yi don gishirin matsarmama. Shi ya sa ƙwayar take zarcewa hanta. Ta jini take yaɗuwa: daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, ko ta askar wanzami da allura in an yi wa mutum biyu da su. Tana bi ta saduwa kuma. Babban mutum in ya kamu, galibi jikinsa yana korar ta. Jarirai kuwa, wajen 9 cikin 10 suna zama da ita. Tana iya yin shekaru ba alama. In ta haɗu da dafin fumfuna cikin hanta ɗaya, haɗarin sankara yana ninkuwa sosai.

Allurar rigakafi tana sa jiki ya tare ƙwayar cikin jini tun ba ta kai ƙofa ba. Tun 2008 rigakafin yana cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai a Nijar. Sau 3 ake yin ta: sati 6 da haihuwa, sati 10, sati 14. Ɗaya ko biyu ba su isa ba. Uwa a Korgom ko Urafan ko Kanambakashe ta duba katin awon ɗanta. In babu cikon ta uku, ta kai shi gidan likita da katin a hannu.