Darasi na 9: Idan Kan Yatsa Ya Kumbura, Farce Ya Lanƙwashe

Lokaci: Minti 30, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Manufa: Kowace 'yar ƙungiya ta iya duba hannunta da na iyalinta, ta san lokacin da ya kamata a tafi asibiti, ta kuma san inda kuɗin zuwan zai fito.

Buɗe darasi

Jagora ta tambaya: "'Yan'uwa, wa ta taɓa ganin mutumin da kan yatsunsa ya yi kauri kamar kan taɓarya, farcen ya kumbura kamar bayan cokali? Me aka ce yana damunsa?" A bar mata su yi magana. Wasu za su ce sanyi ne, wasu su ce yawan wanki, wasu su ce jifa. Kada a yi wa kowa dariya.

Mece ce wannan alama?

Kumburin yana zuwa a hankali, cikin watanni ko shekaru, galibi a hannu biyu har da yatsun ƙafa. Gindin farcen yakan yi laushi. Ba ya zafi, ba ya ruwa, shi ya sa ake raina shi. Amma sau da yawa matsalar ba a yatsa take ba, tana can cikin ƙirji ko ciki. Jiki magayi.

Abubuwan da ke kawo ta

1. Huhu. Tarin fuka da ya daɗe ba a yi magani ba, ƙurji ko mugunya a huhu, lalacewar hanyoyin iska, da ciwon daji na huhu, musamman ga masu shan taba.
2. Zuciya. Yaron da aka haifa da matsalar zuciya: leɓensa na yin shuɗi, yana gajiya wajen shan nono, in ya tasa yana yawan tsugunnawa a tsakiyar wasa. Haka nan ƙwayar cuta da ta shiga cikin zuciya.
3. Hanta da hanji. Hantar da ta lalace ta ƙandare, ko ciwon hanji mai sa zawo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.
4. Gado. Wasu haka yatsun gidansu suke tun suna yara, kuma lafiyarsu ƙalau. Amma likita ne zai tabbatar, ba mu ba.

A lura: farcen da ya loɓa ciki, ya yi rami kamar cikin cokali, wannan daban ne. Yawanci ƙarancin jini yake nunawa.

Aiki: Gwajin taga

Kowa ta haɗa farcen manuninta na dama da na hagu, baya da baya, ta ɗaga wajen haske. In lafiya lau ne, za ki ga ɗan fili kamar ƙwayar shinkafa a gindin faratan. In filin ya toshe, a je a duba. Wani likitan zuciya a Afirka ta Kudu, Leo Schamroth, shi ya bayyana gwajin a 1976, bayan ya lura da shi a hannunsa lokacin da ya yi ciwon zuciya. Lalle ba ya hana gwajin, don siffa ake dubawa, ba launi ba.

Kada a jira idan akwai:
- tari fiye da mako 2, ko tari da jini
- rama, zufan dare, zazzaɓin da ya ƙi tafiya
- haki, kumburin ƙafa ko ciki, idanu sun yi rawaya

Ina za a je?

A fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Daga nan akwai Babban Asibitin Kawo, Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Za a iya neman kaki don gwaji, hoton ƙirji, ko gwajin jini. Gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ana shan maganin aƙalla wata 6, ba a tsayawa don an ji sauƙi.

Ina ruwan asusunmu?

Mace ta ci bashin jari, ta ƙarar da shi a kemis da wajen masu jiƙe-jiƙe, ciwo bai tafi ba, ga bashi a wuya. Wannan muke gudu. Asusun taimakon juna don irin wannan rana muka kafa shi: kuɗin Keke, kuɗin kati, kuɗin hoto. Rigakafi ya fi magani.

Tattaunawa
1. Nawa za mu ware wa mai zuwa gwaji?
2. Wa za ta raka wadda ke jin tsoro?
3. In a hannun maigida kika gani, da wane lafazi za ki faɗa masa?

Sirrin 'yar'uwa amana ne, abin da aka faɗa a kan tabarma ya tsaya a nan.

Aikin gida: Ki duba hannun kowa a gidanki kafin zama na gaba.