Darasi: Dalilin da Ya Sa Firgici Ba Ya Mantuwa

Ya ku 'yan'uwa, tun bayan ambaliyar kogin Isa ta 2020, wadda ta ci gonaki da gidaje a yankin Gaya, muna ganin bayin Allah da rugugin hadari kaɗai ke hana su barci. Wasu na cewa raunin tawakkali ne, wasu shafar aljanu. Mu dai ba mu yarda da wannan hukunci ba.

Allah Ya ɗora wasu ƙananan gaɓoɓi biyu bisa ƙodojin ɗan Adam. Idan tsoro ya auku, sai su zuba sinadaran adirenalin da kotizol cikin jini. Waɗannan kan zaburar da amigdala, wato sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari, ita kuwa ta sa a kafe abin da ya faru daram, domin a guje shi gaba. A 1994, masana Larry Cahill da James McGaugh na Kalifoniya sun ba mutane propranolol, maganin da ke toshe aikin adirenalin, sannan suka ba su labari mai tayar da hankali. Bayan mako guda, ba su tuna shi fiye da labarin yau da kullum ba.

Wanda abin ya zarce masa wata guda, mu yi masa addu'a, mu kuma raka shi wurin likita.